Salka, Abokiyar Matafiya

Tun kafin a san ƙanƙara a ƙasar Hausa, balle akwatin nan da ake kira kula, wanda Amurkawa suka yawaita amfani da shi a shekarun 1950 domin masu fita yawon daji, fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro, da ayarin da ke tashi daga Agadas ya keta Tenere zuwa Bilma ɗaukar gishiri, da alhazan da ke dosar Makka a ƙasa, dukansu da salka suke tanadin ruwansu.

Fatar akuya ce da ake feɗewa ɗungurungum ba a tsaga ciki ba, majemi ya jeme ta da bagaruwa, baduku ya ɗinke ƙafafu, a bar wuya ya zama baki. Hikimarta kuwa, wadda masu hankali suka fahimta bisa jarrabawa ba bisa karatu ba, ita ce ruwan yakan riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan ta jikin fatar, iska na busar da shi yana tafiya da zafin, har wanda ya sha da azahar ya yi hamdala. Saboda haka gwanin saye ba ya ƙin salka mai gumi. Mai ɗiga yake gudu. In ƙaya ta huda ta, sai a tattara wurin a ɗaure tam da tsirkiya, a kuma shafa mata mai kada ta bushe ta tsage.

Da jarkar roba ta shigo, ga ƙarko amma ba sanyi, sai direbobin hamada suka koma naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu.