Kasuwar Santambul da Fataken Kano

Birnin nan da Turawa su ke kira Istanbul, Hausawa tun dā Santambul su ke ce masa. A shekarar 1453 Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ya ci shi da yaƙi. Ba da daɗewa ba ya sa aka soma gina wata kasuwa mai rufi, wadda har wa yau tana ci, rumfunanta wajen 4,000. Kusan sa'ar Kasuwar Kurmi ce, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa.

Da Turkawa suka kama Tarabulus a 1551, sai bakin hanyar Kano ya shiga hannunsu. Larabawan Gadamus su kan labta wa raƙuma alharini da jar dara da turare da takarda, su keto hamada wata da watanni. In za su koma, su kan sayi fata da turkudi da hauren giwa da gashin jimina, da kuma bayi. Bayin nan da yawa ƙishirwa ta kashe su a hanya. Cikin waɗanda suka tsira, akwai waɗanda sai a Santambul aka sayar da su.

A 1911 Italiya ta ƙwace Tarabulus, a shekarar nan kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Kaya suka koma biyowa ta Ikko, fataucin hamada ya mutu.

Yanzu kuwa fataken Kano da kansu su kan hau jirgin sama zuwa Santambul, su shiga kantunan unguwar Laleli, su saro riguna da takalma.