Inda Kuɗin Mata Ke Kwana

'Yan'uwa mata, tun zamanin Malam Abdullahi na Gwandu kakanninmu ke juya dukiya, lokacin da kuɗi wuri ne, ana ƙirga shi a ƙasa, a ɗauke shi a buhu. Da Turawa suka zo sai ga anini da kwabo da sule da fam. A watan Janairun 1973 naira ta karɓe su. Kuɗi ya yi ta sauya kama, amma mace a Maruda ba ta sauya ma'ajiya ba: akuya a turke, tasoshi a jere, sai kuma adashi.

Adashin nan shi ne bankinmu na farko. Uwar adashi ba ta neman takardar fili ko hoto. Ta san gidanku, ta san wadda ta haife ki, ta san ko kina cika zubi ranar da anka ce. Jinginar ke nan.

Bankuna sun daɗe ba su gane haka ba. A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa People's Bank don talaka ya samu rance ba jingina. A shekarar 2000 aka haɗe shi da bankin manoma, sunansa ya ɓace. Bankunan al'umma sun zo a 1990, sai Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin ƙananan bankuna a 2005. Da yawanmu kuma ba ma son bashi mai ruwa, don haka buɗe bankin Jaiz a 2012 ya faranta mana, duk da cewa birni ya yi mana nisa. Ko rancen shinkafa da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, manomi ya nufa. Mu masu turara ta mu kai kasuwa, wa ya ƙirga mu?

Sai farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira. Kun tuna. Mai kuɗi a banki ta kwana a layi, mai POS na cire rabonsa kafin ya miƙo na cefane. A makonnin nan littafin ƙungiya ne ya riƙe mu: wadda ba ta da tsaba aka rubuta mata, ta biya da tiyar shinkafa ko ta jira sabon kuɗi.

Yau ƙungiya na da asusu a banki, da ma'aji da sakatariya masu sa hannu. Amma in mace ta nemi rance, har gobe tambayar farko ita ce: "Wa ya san ta a cikinmu?"