Daga Gora zuwa Rigar Kariya: Tarihin Kayan Ceto a Ruwan Kebbi

Aikin ceton gaggawa, wato taimakon da ake kai wa mutum cikin mintunan farko na haɗari kafin ya isa hannun likita, ya daɗe a kwarin Rima tun kafin a kafa wata hukuma mai ɗauke da sunansa. Masu yin sa a asali su ne mutanen ruwa, Kabawan Argungu da Sarkawa masunta da ke zaune a gaɓar gulbi daga Augie har zuwa inda ruwan ya faɗa Kogin Neja, kuma kayan aikinsu ba su wuce kwale-kwale da filafili da doguwar sandar tuƙi da igiya da ƙugiya ba. Sama da duka akwai gora, babban duma da ake fafewa a bar masa ƙaramin baki, wanda masunci ke kifa ƙirjinsa a kai ya yi ta yawo a zurfi hannayensa biyu na riƙe da koma. Masu nazarin kayan ceto na ɗaukar gora da muhimmanci, domin ya cika sharuɗɗan da ake nema ga duk abin da zai hana mutum nutsewa: ba shi da nauyi, yana ɗaukar babban mutum, ana noma shi a gida, kuma idan ya tsage mai shi ya san yadda zai ɗinke shi ko ya musanya shi. Rauninsa guda ne, cewa sai mai hankali a jikinsa ke iya riƙe shi, saboda haka ba ya amfanar wanda ya suma ko yaro ƙarami.

Wannan ilmi yana da tsari da shugabanci, domin Sarkin Ruwa ne ke da alhakin lafiyar masu shiga gulbi, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samu siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya zama wurin da ake gwada shi a bainar jama'a. Wasannin kabanci da ake yi a lokacin bikin, irin su tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, a zahiri horo ne na numfashi da juriya da sanin halin ruwa, wato abubuwan da ake koya wa mai ceto a kowace makaranta ta zamani. Lokacin da UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, hankali ya fi karkata ga baƙi da yawon buɗe ido, ba a kuma tsaya an lura cewa dubban mutanen da ke rugawa cikin kogin Matan Fada su ne rundunar ceto mafi girma da Jihar Kebbi ta mallaka ba.

Abin da ya sauya yanayin aikin shi ne sauyin ruwan kansa da na jiragen da ke binsa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta haifar da tafki mai faɗi wanda ya miƙe har ƙasar Yawuri, ya kuma binne itatuwa da dama waɗanda kututturansu ke fasa ƙasan jirgi har yau, yayin da madatsun Bakolori da Goronyo suka sa cikar gulbi a Argungu da Birnin Kebbi ta dogara da shawarar masu buɗe ƙofofin ruwa kamar yadda ta dogara da damina. A lokaci guda injin da ake rataya wa a bayan jirgi ya yaɗu, aka fara ƙera manyan jiragen katako masu ɗaukar mutum fiye da ɗari tare da babura da buhunan hatsi. Inji ya rage wahalar tafiya kasuwa, amma ya sa haɗari ɗaya na iya jefa mutane masu yawa, akasarinsu mata da yara da manoma marasa iya ninƙaya, cikin tsakiyar ruwa mai nisa daga gaɓa, inda kwale-kwale biyu ko uku na masunta ba za su iya kwashe su ba kafin ƙarfinsu ya ƙare.

Hukumomi sun zo daga baya, ɗaya bayan ɗaya. An kafa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta FRSC a 1988, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida ta NIWA ta biyo a 1997, sannan hukumar agajin gaggawa ta NEMA a 1999, wadda dokarta ta tanadi kafa takwarorinta a jihohi. Sai dai na'urar da ta fi kowace rage lokacin isar taimako ba daga waɗannan ofisoshi ta fito ba, wayar salula ce da ta yaɗu a Nijeriya tun daga 2001, domin ita ta ba mai kallo daga gaɓa damar kiran masu nutso na ƙauyen gaba nan take, maimakon aika mai keke ko mai babur. Lambar kiran gaggawa ta 112 da hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara duk a kan wannan waya suka dogara, kuma ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a fadamun Kebbi, sun nuna cewa gargaɗi ba ya da amfani sai ya isa kunnen mai unguwa cikin harshen da yake ji, da lokacin da zai isa a kwashe mutane da dabbobi.

Rigar kariya daga nutsewa, wadda ita ce jigon kayan ceton ruwa a yau, tana da nata tarihin. An ƙera ta zamani ta farko da ɓawon wani icce mai sauƙin nauyi domin masu ceto a gaɓar tekun Ingila a 1854, daga baya a farkon ƙarni na ashirin aka koma cusa mata audugar rimi, itacen da kowane Bahaushe ya sani, saboda zarenta na da rami a ciki kuma ba ya saurin shan ruwa, kafin soson roba ya maye gurbinta. Bambancinta da gora shi ne cewa ana ɗaura ta a jiki, kuma mai inganci tana juya wanda ya suma ta ɗaga fuskarsa sama. Muhimmancinta ya bayyana ga kowa bayan 26 ga Mayu, 2021, ranar da wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ya tarwatse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ɗauke da mutane fiye da ƙima, aka ceto kusan ashirin kawai, sama da ɗari kuma suka salwanta. Masu nutso na yankin ne suka ɗauki nauyin aikin na kwanaki, kuma mafi yawansa aikin tsamo gawa ne, domin wanda ya nutse ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa cikin 'yan mintuna kaɗan, alhali jirgin hukuma na bukatar sa'o'i kafin ya iso.

Tun daga wancan haɗari an ƙara ƙaimi wajen rabon riguna, musamman ta hannun NIWA da hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, HYPPADEC, wadda Kebbi ke cikin jihohinta, aka kuma fito da dokar sufurin ruwa da ta hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, ta wajabta sanya riga. An fara kawo jiragen faiba, wato na zaren gilashi da aka haɗa da ƙaro, waɗanda ba sa ruɓewa kamar katako. Waɗannan matakai daidai ne, amma waɗanda suka daɗe cikin aikin sun san inda gizo ke saƙar. Rigar da aka ajiye a rana sosonta na bushewa ya daina ɗaukar nauyi, mafi yawan waɗanda ake rabawa na manya ne alhali yara na cikin waɗanda suka fi mutuwa, kuma fasinja ba zai sanya ta ba idan ba a miƙa masa a bakin mashiga kafin ya biya kuɗin jirgi ba. Jirgin faiba kuwa idan ya tsage, kafintan katako ba shi da kayan liƙe shi, sai ya kwanta a gaɓa. Haka nan har yanzu ana ganin masu ceto na juya wanda aka tsamo suna matse cikinsa domin ruwa ya fita, alhali tun 1960 likitoci suka tabbatar da cewa abin da ke dawo da rai shi ne hura iska a baki da danna ƙirji a jere, dabarar da ba ta bukatar na'ura, sai horon yini guda.

Ana yawan magana yanzu kan jirage marasa matuƙi da na'urar gano abin da ke ƙarƙashin ruwa ta hanyar sauti, kuma suna da amfani wajen bincike a tafkin Kainji da duba ƙauyukan da ambaliya ta yanke. Amma bukatar farko a kwarin Rima ta fi wannan sauƙi, kuma jihar na da inda za a biya ta, tun da akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya ta Aliero, waɗanda za su iya gwada ingancin riguna, su ɗinka na yara, su koya wa masu sassaƙa jirgi gyaran faiba. Wajibi ne gwamnatin jiha da masarautun Argungu da Gwandu da Yawuri su yi wa sarakunan ruwa da masu nutsonsu rajista a matsayin ma'aikatan ceto, su horar da su farfaɗo da numfashi, su ajiye riguna da igiyar jifa da fitila da waya a hannunsu a kowace mashiga, sannan su ware kuɗin gyara da musanya kayan a kasafin kowace shekara.