Zargin Maƙarƙashiya da "Wankin Ƙwaƙwalwa" a Rikicin Rigakafin Shan Inna: Nazari a kan Yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi zargin da ya bazu a 2003 da 2004 cewa ɗigon rigakafin shan inna wani shiri ne na ɓoye don hana Musulmi haihuwa. Ta dogara ga takardun gwamnatin Amurka da aka fitar fili, da rahotannin jaridu, da alƙaluman hukumomin lafiya. Matsayinta shi ne zargin ƙarya ne, amma da tubalan gaskiya aka gina shi, don haka kiran masu ƙin rigakafin "waɗanda aka wanke wa ƙwaƙwalwa" kuskure ne wajen fahimtarsu.

Gabatarwa

Kazaure, Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin Ringim, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Nijar. Kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991 duk yankin Kano ne, kuma har gobe abin da aka tattauna a masallatan Kano da gidajen rediyonta ba ya kwana bai iso Kazaure ba. A tsakiyar 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Datti Ahmad, ta nemi a dakatar da rigakafin. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da shi a Kano, ba a ci gaba ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. A farkon 2004 jaridar Baltimore Sun ta Amurka ta ambaci Mai Martaba Sarkin Kazaure, Alhaji Najib Hussaini Adamu, cikin shugabannin da suka fito fili da shakkunsu. Samun shugabanni irin waɗannan cikin masu shakka kaɗai ya isa ya rushe tunanin cewa rashin karatu ne ya haifi zargin.

Tubalan da aka yi ginin da su

Tubali na farko a gida yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye kuma suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 ke nan shari'ar da ake yi da kamfanin ba ta kai ko'ina ba, ciwon na nan ɗanye. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na biyu shi ne rahoton da ake jingina wa Henry Kissinger, wanda Majalisar Tsaron Amurka ta kammala a Disambar 1974, aka kuma ɓoye shi shekaru kafin a sake shi. Rahoton ya lissafa ƙasashe 13 da yawan al'ummarsu ke damun muradun Amurka, har da Nijeriya. A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya karanta da kyau. Rahoton yana magana ne a kan tallafa wa shirye-shiryen ƙayyade iyali. Babu inda ya tsara zuba maganin hana haihuwa a cikin rigakafi. Amma mutumin da ya tuna manufar gwamnatin Babangida ta 1988, wadda ta so kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, ba ya buƙatar dogon tsani kafin ya haɗa wannan da wancan.

Ita kanta kalmar "wankin ƙwaƙwalwa" tana da nata tarihin. Daga 1953 hukumar leƙen asirin Amurka ta gudanar da shirin MKUltra, inda aka ɗirka wa mutane ƙwayar LSD ba da saninsu ba, don neman hanyar juya tunani. Shugaban hukumar, Richard Helms, ya sa aka lalata yawancin takardun a 1973, sai binciken majalisar dattawan ƙasar na 1975 da 1977 ya tona abin da ya rage. Abin lura shi ne shirin ya cutar da mutane, amma bai samo hanyar sarrafa zuciyar ɗan Adam ba. Babu wani sinadari da ke sa al'umma guda ta yarda ko ta ƙi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi

A ganina, abin da ya fi riƙe zargin a ƙauyukan Gwiwa da Roni ya fi waɗannan takardu kusa da ƙofar gida. Magidanci ya kai ɗansa asibiti da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda, a rubuta masa magani ya je ya saya. Bayan mako biyu sai ga ma'aikata har cikin zaure, da ɗigo kyauta, na cutar da bai taɓa ganin ta kashe yaro a unguwarsu ba, wadda kuma kakanninsa suka ɗauka aikin iska ne, Inna ce ta shanye ƙafar. Idan ya ce "me ya sa wannan kaɗai ne kyauta?", tambaya ce ta mai hankali. Amsarta tana nan: shan inna na cikin 'yan cututtukan da za a iya kawar da su daga duniya baki ɗaya, shi ya sa masu ba da tallafi suka zuba kuɗi a kanta. Sai dai ba a zauna an yi masa wannan bayani ba, aka kira shi jahili.

Sakamako

Gwaje-gwajen da Gwamnatin Tarayya ta sa aka yi a waje sun tabbatar da lafiyar maganin, kuma yankin da aka shekara ashirin ana ɗiga wa yaransa yana cikin mafi yawan haihuwa a Nijeriya. Kuɗin zargin kuwa yara ne suka biya: cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indunusiya, kuma a 2006 an samu yara 1,122 da ta kama a Nijeriya. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

Abin da ya sauya al'amarin bai zo daga wa'azin baƙi ba. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da sabulu, gidan sauro da sauran rigakafin yara, a 2009 kuma sarakunan Arewa suka kafa kwamiti ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka karɓi aikin. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Nau'in da ke rikiɗa inda rigakafi ya yi ƙaranci bai ƙare ba, kuma gari na kan iyaka irin Babura na cikin masu fuskantar haɗarinsa. Muna kira ga hukumomin lafiya na Jigawa da su sa magani a ƙananan asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu kafin su sake aika masu ɗigo gida-gida.