Banki da Fatauci a Kano a Shekarun 1950

A wannan maƙala za mu duba yadda harkar banki ta kasance a Kano a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, mu kuma nuna cewa gyaɗa ce ta kawo banki, ba buƙatar talaka ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma a London. Da haka wuri ya fara ja da baya, kuɗin Turawa suka maye gurbinsa. Bankunan da suka biyo baya, wato Bankin Ingila na Afirka ta Yamma da Barclays, ba su shiga cikin ganuwa ba. A waje suka zauna, kusa da tashar jirgi da kantunan kamfanoni irin su UAC da John Holt. Manajoji Turawa ne, suna kwana a Nasarawa. Akawuna kuwa galibinsu mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari.

Aikin wannan unguwa kaka yake bi. Da an buɗe cinikin gyaɗa, sai a yi ta ɗauko kuɗi daga Ikko a jirgi. Kamfani ya karɓa a banki ya ba dillalinsa, dillali ya raba wa yaransa, su kuma su bazu ƙauyuka da sikeli. Da yake manomi bai yarda da takarda ba, sai tsaba, akawuna kan wuni suna ƙirgar sulalla suna ɗurawa a jaka. Sule goma sha biyu ba ya yin fam, sai ashirin. Kwabo ne goma sha biyu ke yin sule. Kuma da alƙalami ake yin wannan lissafi a manyan littattafai.

To, ina matsayin Bahaushe? Ana ba da labarin cewa Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya taɓa kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 ajiya a banki, kuma bai karɓi ruwa ba saboda addini. Amma irinsa kaɗan ne. Banki na maraba da ajiya, sai dai wajen ba da rance kamfanonin Turawa da Kwarori ya fi fifitawa, domin jinginar da yake nema a rubuce ba kowane falke ke da ita ba. Saboda haka ɗan kasuwar Kurmi ya ci gaba da dogara ga maigidansa, da adashi, da amanar da ke tsakanin fatake. Wannan gibi na cikin dalilan kafa Bankin Arewa gab da samun mulkin kai. Babban Bankin Nijeriya kuwa ya fara aiki a 1959.

Abin da zamanin ya bar mana ya fi yawa a harshe. An sauya kuɗi zuwa naira a 1973, amma sisi da taro da anini ba su bar bakin Hausawa ba. Yaron da bai taɓa ganin sisi ba yakan ce ba shi da ko sisi.