2.3 Tarihin 'Yan Ƙasa a Tashoshin Jirgin Ƙasa na Birnin Okland

Wannan sashe zai duba yadda tashar jirgin ƙasa kan zama ma'ajiyar tarihi, ta hanyar nazarin birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan. Asalin mazauna wannan wuri su ne al'ummar Maori, waɗanda ke kiran sa Tamaki Makaurau. A shekarar 1840 ne sarakunansu suka ƙulla yarjejeniyar Waitangi da Turawan Ingila. A cikin wannan shekara kuma ƙabilar Ngati Whatua ta ba Gwamna Hobson fili kimanin eka 3,000, inda aka kafa birnin.

Zuwan Turawa ya canza kamannin wurin ƙwarai da gaske. Alal misali, rafin Waihorotiu, wanda mutane ke ɗiban ruwa a cikinsa, an mayar da shi magudanar ƙazanta, daga baya aka binne shi ƙarƙashin titin Queen. Haka kuma, tudun da ke bakin teku, inda Maori suka taɓa yin garin ganuwa, an laƙaba masa sunan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila, wato Britomart, sannan aka farfashe shi aka cike gaɓar teku da ƙasarsa. Tashar da aka buɗe a 2003 wannan suna ta gada.

Al'amura sun soma sauyawa ne bayan dokar 1987, wadda ta mayar da harshen Maori harshen hukuma. Da aka zo tsara sabuwar hanyar jirgi ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 3.45, wadda aka fara haƙa a 2016, sai aka sanya wakilan ƙabilu takwas cikin shawara tun daga matakin zane. A 2023 hukumar sunayen wurare ta amince da sunayen tashoshi huɗu: Waitemata, wanda ya maye gurbin Britomart, da Te Waihorotiu, da Karanga-a-Hape, da Maungawhau.

Ba a tsaya ga suna kawai ba. An gina fasalin tashoshin a kan labarin Maori na rabuwar sama da ƙasa, wato Ranginui da Papatuanuku. A Te Waihorotiu an rataya dubban sanduna a rufin mashiga don tuna ciyayin bakin rafin da aka binne. A Maungawhau kuwa, an jera gilasai jajaye guda 53 a bango, masu wakiltar duwatsun aman wuta na yankin.

Sai dai kuma, suna a jikin bango ba ya mayar wa mai gona gonarsa, domin mafi yawan filayen da suka kuɓuce wa Maori ba su dawo ba. Duk da haka, wanda ya karanta Te Waihorotiu a ƙofar tasha ya san cewa akwai rafi a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma akwai mutanen da suka riga titin zuwa wurin.