Fari, Rumbu da Buhun Tallafi: Nazari daga Kahu

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa ba a cika ambaton ƙasar Rano da Kibiya ba idan ana zancen yunwa. Akwai gyara a wannan fahimta. A Kahu, da ke ƙasar Kibiya, da maƙwabtanta, fari yakan rage amfanin gona, amma abin da ke shigo da yunwa cikin gida shi ne rabuwar manomi da hatsinsa tun da kaka.

Tarihi ya goyi bayan haka. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta faɗo ne jim kaɗan bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, Turawa kuma suka dage sai an biya haraji da kuɗi. Michael Watts, a littafinsa Silent Violence na 1983, ya nuna yadda harajin ya tilasta wa talaka sayar da abin da ya kamata ya kwana a rumbu. Amartya Sen ma ya kafa hujja a 1981 cewa yunwa tana kashe mutane alhali kasuwa cike take da abinci.

Haka abin yake har yau. Da kaka, mai ƙaramin ƙarfi yakan kai dawa da masara kasuwa da araha don ya biya bashin taki, 'yan kasuwa su kwashe sai kasuwar Dawanau. Idan Agusta ta yi, shi ne kuma a gaban mai awo, yana sayen kwano da tsada. Don ya samu kuɗin, sai ya bar ciyawa ta cinye gonarsa, ya tafi ƙwadago gonar wani. Girbin bana ya ragu ke nan, bashin baɗi ya ƙaru. Gaskiya ne madatsar ruwan Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina, ta raya noman rani a Kura da Bunkure, amma gonar tudu har gobe damina take jira.

Babu mai musun cewa agaji yana ceton rai a shekarar fari irin 1973. Sai dai buhun shinkafa, kamar wanda aka raba bayan cire tallafin man fetur a 2023, ba ya hana mutum sayar da dawarsa a watan Nuwamba. Abin da zai hana shi ne bashi marar ruwa da kaka, da rumbun gayya irin bankunan hatsi na ƙauyukan Nijar, inda ake saye lokacin araha, a sayar wa 'yan gari da rangwame tsakiyar damina. A nan ya kamata kuɗin tallafi ya fara sauka.